Tsuntsun nan mai wuyan wuta: launinsa na gaske ne, amma ba zai rayu a keji ba

Tambaya: Wani matashi mai kiwon tattabaru da kanari a Aboabo, nan Kumasi, ya turo min bidiyon wani ɗan tsuntsu da ya samu a WhatsApp. Tsuntsun kore ne, yana tsaye cak a iska a gaban fure, da ya juyo sai wuyansa ya kama ja da rawaya da shuɗi. Yana son ya san ko launin na Allah ne ko aikin kwamfuta, ko shi ne ɗan tsuntsun da yake gani a kan furen zogale a bayan gidansu, sannan in ba shi ba ne ta yaya zai mallaki guda biyu, domin wani ya ce masa zai iya kawo masa su.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Na kalli bidiyon da kyau, tsuntsun na gaske ne. Ka yi daidai da ka yi shakka, don yanzu ana ƙera tsuntsayen ƙarya da kwamfuta ana watsawa a waya, amma wannan ba ya cikinsu. Alamominsa duk sun cika: ɗigon fari a bayan ido, baki baƙi siriri miƙaƙƙe, saman kai shuɗi, wutsiya shuɗiya mai duhu, jiki kore shar, wuya ja a tsakiya da ruwan lemo da rawaya a gefe, sai tabon shuɗi mai sirkin shunayya a ƙirji. Sunansa a wurin masana Panterpe insignis, tun 1860 da wasu Jamusawa biyu, Cabanis da Heine, suka bayyana shi a rubuce. Mutanen ƙasarsa masu jin Sifaniyanci suna ce masa mai maƙogwaron wuta, danginsa gaba ɗaya kuma kolibiri. Su ne Turawan Ingila ke kira hummingbird, in kana son neman ƙarin bidiyo. Dangin sun haura iri 350, kuma dukkansu a nahiyar Amurka suke, daga Alaska har ƙarshen kudancin Ajantina da Chile. Ko ɗaya babu a dazukan Afirka.

Batun launi ba sai ka je nesa ba, amsar tana ɗakin tattabarunka. Gobe da hantsi ka kama tattabara mai ruwan toka, ka riƙe ta a rana, ka juya wuyanta a hankali. Za ka ga kore, ka ƙara juyawa ka ga shunayya, ka shiga inuwa da ita ka ga toka zalla. Babu rinin kore ko na shunayya a gashin nan, ginin gashin ne yake sarrafa haske. Launin tsuntsu iri biyu ne. Akwai na rini, kamar jan wutsiyar aku da rawayar kanari, wanda ko ta ina ka duba shi ne dai. Akwai kuma na gini. A gashin wuyan kolibiri akwai wasu 'yan faya-fayai masu duhu, ƙanana ƙwarai, ba a ganinsu sai da madubin bincike mai ƙarfi, cikinsu da kumfar iska, an jera su hawa-hawa. Haske in ya faɗa musu, kowane hawa sai ya maido da wani kaso, hasken da ya dawo ya haɗu, wani launi ya ƙarfafa, sauran su dushe. Kaurin fayafayan da tazarar da ke tsakaninsu su ke yanke launin da zai fito. A wuyan wannan tsuntsu kaurin yana sauyawa daga tsakiya zuwa gefe, shi ya sa ja ke zarcewa zuwa ruwan lemo, zuwa rawaya, zuwa kore. Da za ka niƙa gashin, gari mai duhu za ka samu, ba ja ba rawaya.

Saboda haka ne ma bidiyon yake ɗan ruɗar mutum. Na taɓa tsayawa da sanyin safiya a wani masauki a gefen babbar hanyar da ta ratsa duwatsun Talamanka a ƙasar Kosta Rika, inda ake rataye musu kwalaben ruwan sukari. Ga tsuntsun a kan reshe, tazarar hannu ɗaya da ni, amma abin da nake gani ɗan dunƙulen kore mai duhu ne, wuyansa kusan baƙi, gashinsa a bubbuɗe saboda sanyi. Wani ɗan'uwansa ya matso kusa da kwalbar, ya waiwayo ya fuskance ni, nan take wuyan ya kama wuta, kamar ƙiftawar ido, ya sake kau da kai wutar ta mutu. Masu ɗaukar hoto sukan daɗe suna jiran wannan juyowar, su yanke ta ita kaɗai su watsa, wasu ma su ƙara wa launin ƙarfi kafin su saki. Launin ba ƙarya ba ne, sai dai yawancin yini tsuntsun ba haka yake a ido ba. Wani abin da ya bambanta shi da yawancin danginsa, macen ma tana da wannan wuta a wuya, kusan ba ka raba ta da namijin sai da girma.

Inda yake zaune shi ne asalin maganar, domin in ka fahimci wurin, sauran tambayoyinka za su amsa kansu. A duniya kaf ba a samunsa sai a kan duwatsun Kosta Rika da yammacin Panama, a Amurka ta Tsakiya, daga tsayin mita 1,400 zuwa sama, ya fi yawa kuma daga mita 2,000 har inda itatuwa ke ƙarewa. Kumasi ba ta kai mita 300 ba, kuma duk ƙasar Ghana babu dutsen da ya kai mita 1,000. Can kuwa dutsen Chirripo ya haura mita 3,800, Baru na Panama ya haura 3,400. In ka ja layi a taswira daga Tamale ka yi yamma, ka tsallake Tekun Atilantika da arewacin Amurka ta Kudu, kan waɗannan duwatsu za ka sauka. Nisansu da tsakiyar duniya ɗaya ne, ranar da ke dukan Tamale ita ke dukansu. Tsayi ne ya raba su: duk mita 1,000 da ka hau, zafi yakan sauka da kamar digiri 6. Akwai wani tsauni a wurin da ake kira Cerro de la Muerte, wato Dutsen Mutuwa, saboda matafiyan da sanyi ya kashe a kansa zamanin da ake tsallake shi da ƙafa. Da dare a samansa sanyi yakan kai ga ƙanƙara ta kwanta a kan ciyawa.

Iskar ma sai ka yi mamaki. Iskar arewa maso gabas da ke kawo mana hunturu ta ratso Sahara ne, shi ya sa take zuwa a bushe da ƙura, leɓe ya tsage. Irin wannan iska ce ke kaɗawa a can, ita ma daga arewa maso gabas, amma ita teku ta ratso, Tekun Karibiyan, ta zo a jiƙe. Tana cin karo da dutse sai ta hau, tana hawa tana yin sanyi, ruwan da ke cikinta ya zama gajimare, gajimaren ya zauna a cikin dajin kansa. Mutum yana tafiya a ƙasa amma cikin gajimare yake. Ko ba a ruwan sama ganye na ɗiga. Kowane reshe ya lulluɓe da gansakuka, a kan gansakukar kuma wasu tsirrai sun tsiro waɗanda saiwarsu ba ta taɓa ƙasa ba, daga laimar iska suke sha. Da yawa daga cikinsu furanninsu dogaye ne kamar bututu, ja ko ruwan hoda, ba su da ƙanshi. A irin wannan sanyi da jiƙa ƙudan zuma ba ya iya fita aiki kullum, tsuntsu kuwa jininsa mai ɗumi ne, ko ana yayyafi zai fito. Sai tsirran suka dogara da kolibiri wajen kai garin fure daga wannan zuwa wancan, shi kuma ya dogara da ruwan zaƙinsu.

Tsawonsa santimita 11 ne har da baki. Namijin yana da nauyin kamar giram 6, macen kamar giram 5. Tattabararka mai giram 300 ta yi nauyin hamsin ɗinsu. Jiki ƙarami yana saurin zubar da ɗumi, ga shi a wuri mai sanyi, ga shi kuma da salon tashi mafi cin ƙarfi a duk tsuntsaye. Sauran tsuntsaye in suka buga fiffike ƙasa suke samun ɗagawa, komawarsa sama hutu ne. Kolibiri kafaɗarsa tana juyawa, fiffiken ya yi gaba, ya kife, ya dawo baya, yana zana lamba 8 a kwance, kowane zuwa da dawowa yana tallafe shi. Da haka yake tsayawa wuri ɗaya, ya ja da baya, ya yi gefe. Manyan dangin suna buga fiffike sau goma sha wani abu a daƙiƙa guda, ƙananansu har sau 80, ƙarar da kake ji a bidiyon ta fiffiken ce. Zuciya kuwa in yana tashi tana haura bugu 1,000 a minti. Ƙafafunsa ƙanana ne, na kama reshe kawai, ba ya tafiya a ƙasa. A nan ya yi kama da tsattsewa, kuma ita ce ma 'yar'uwarsa ta kusa a cikin tsuntsaye.

Wannan inji ba ya jure yunwa. Kusan duk bayan minti 10 zuwa 15 sai ya sha, a yini yakan sha ruwan fure da ya fi nauyin jikinsa. Harshensa dogo ne, ya rabu biyu a ƙarshe, gefensa da 'yan geza. Da ana zaton zuƙa yake yi, sai a 2011 wasu masu bincike, Rico-Guevara da Rubega, suka ɗauke shi da kyamara mai sauri suka ga harshen yana buɗewa in ya shiga ruwan, ya rufe da shi in ya fito, sau da yawa a daƙiƙa ɗaya. Kuma sukari kaɗai ba ya gina tsoka ko gashi. Dole ya kama ƙananan ƙwari a iska, ya tsinci gizo-gizo a ganye, musamman macen da ke ciyar da 'ya'ya.

To da dare fa, awa goma sha biyu babu ci, ga sanyi? Nan ne abin ya fi ban mamaki a wurina. In abin da ya tara bai isa ya kai shi asuba ba, sai ya kama reshe da kyau, ya saki jikinsa ya yi sanyi. Ɗumin jikin da ke kusan digiri 40 da rana ya faɗi ƙasa sosai, bugun zuciya ya koma kaɗan, numfashi ya yi nisa, ka taɓa shi ba zai motsa ba. Wani irin dogon suma ne da yake shiga da kansa don ya rage abin da jiki ke ƙonawa. Kafin gari ya waye ya fara karkarwa, jiki ya yi ɗumi, ya tashi ya nufi furen farko. A wani bincike da aka fitar a 2020, an auna wani ɗan'uwansa a duwatsun Peru aka samu ɗumin jikinsa ya sauka zuwa digiri 3.3, kuma ya farfaɗo da safe lafiya. Ba a taɓa auna ƙasa da haka a jikin tsuntsu ba.

Wanda rayuwarsa ke rataye da fure haka ba ya wasa da shi. Mai wuyan wuta mafaɗaci ne na gaske. Namiji yakan zaɓi wata kurmin furanni mai albarka ya tsare ta, ya hau reshe yana gadi, duk wanda ya kusato ya bi shi da gudu, har wanda ya fi shi girma. Akwai wani ɗan mitsitsin kolibiri da suke zaune tare a saman duwatsun, wanda bai kai giram 3 ba, shi sai dai ya lallaɓa ya sha a ƙananan furannin da babban ya raina. Bakin mai wuyan wuta ba dogo ba ne can, akwai furannin da ba ya iya kaiwa gindinsu ta gaba. Irin waɗannan sai ya bi ta ramin da wani tsuntsu mai ƙugiya a baki ko manyan ƙudan zuma suka huda a gindin furen, ya sha ya tafi, furen bai samu komai ba. Larry Wolf da Gary Stiles, waɗanda suka yi nazarinsa a Dutsen Mutuwa, sun rubuta a 1970 cewa lokacin aure namiji yakan bar wata mace ta sha a furannin da yake tsarewa alhali yana korar kowa, ita ce kuma yake haɗuwa da ita. Iyakar taimakonsa ke nan. Macen ita kaɗai ke gina sheƙa, tsakanin Agusta da Janairu, 'yar ƙoƙo mai kauri da audugar tsirrai da saƙar gizo-gizo, ta lulluɓe bayanta da gansakuka, ta rataye ta a ƙarshen reshen gora mai lanƙwasa ko a saiwar da ta leƙo a gefen gangare. Ƙwai biyu farare take yi, ta kwanta a kansu kwana 15 zuwa 19, 'ya'yan su tashi bayan sati uku ko fiye. Saƙar gizon tana miƙewa, sheƙar tana buɗewa yadda 'ya'yan ke girma.

Na kan zogalenku kuwa sha-kauci ne. Kama da wane ba wane ba ne. Su ma ƙanana ne, suna ƙyalli, suna shan fure, amma ba dangi ba ne ko kusa. Sha-kauci ya fi kusa da kanarinka a kan kolibiri. Sana'a ɗaya ce ta sa suka yi kama, nasu a Amurka, namu a Afirka da Asiya har arewacin Ostireliya. In ka lura za ka raba su da kanka. Sha-kauci yawanci bakinsa a lanƙwashe yake, yana sauka a kan reshe ko ya rataya da ƙafa ya sha, in ma ya tsaya a iska na ɗan lokaci ne. Yana tsalle daga reshe zuwa reshe, yana da waƙa, macensa kuma ba ta da ado, ruwan ƙasa ce ko kore mai dushewa. Sheƙarsa jaka ce mai ƙofa a gefe, a rataye. Akwai kuma wani ƙwaro dangin malam-buɗe-littafi mai kaurin jiki da ke tsayawa a iska gaban fure da dogon harshe, mutane da yawa a nan sun gan shi sun rantse kolibiri suka gani. Ka duba kansa, in ka ga ƙahonni biyu sirara, ƙwaro ne.

Kada ka raina namu. Ghana tana da sha-kauci fiye da iri 20. Akwai mai koren kai da jan ƙirji da ke yawo a lambunan Kumasi, akwai ƙarami mai gajeren baki, bayansa kore cikinsa rawaya, akwai babba mai kai shunayya da ƙirji ja wanda ake gani a harabar jami'ar Legon, wanda in rana ta dake shi ba ya jin kunyar tsayawa kusa da na bidiyon nan. In kana da ɗan'uwa mai gonar koko wajen Offinso ko Tepa, ka bi shi lokacin da kauci ya yi fure a kan itacen koko. Furen kauci tsinke ne ja, a rufe, da ɗan kai a ƙarshe, ba ya buɗewa da kansa. Sha-kauci zai sauka, ya matse kan da baki, furen ya tsage, ya zura baki ciki, sai zaren cikin su nannaɗe da ƙarfi su watsa masa gari a goshi. Ya tashi da goshinsa fari ya tafi na gaba. Manoma ba sa son kauci don yana shanye itacen koko, suna sare shi, kuma suna da gaskiya. Amma sha-kauci barbarar furen kawai yake yi, masu shuka irin a kan rassa wasu tsuntsaye ne daban da ke cin 'ya'yan su goge ƙwallon mai danƙo a jikin reshe.

Yanzu maganar keji. Ƙanena, kada ka tura wa mutumin nan ko sidi ɗaya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya. Ko dai bai san abin da yake faɗa ba, ko sha-kauci zai kamo maka ya kira shi da wani suna, ko kuɗinka kawai yake so. Ka tuna abin da na faɗa a kan cikinsa. Tattabara za ka zuba mata dawa da ruwa ka tafi kasuwar Kejetia ka yini. Wannan in ya yi 'yan awanni babu abinci da rana ya fara mutuwa. Daga duwatsun Kosta Rika zuwa Accra babu jirgi kai tsaye, sai an bi ta Amurka ko Turai, tafiyar da ta fi yini guda. In ma ya iso da rai, ya sauka cikin zafin da jikinsa bai saba da shi ba, ba ya cin gero, ba ya cin dawa, yana bukatar ruwan zaƙi sabo da ba ya tsami da ɗaruruwan ƙananan ƙwari masu rai kowace rana, da fili mai faɗi na tashi. Biyun da kake so kuwa, in ka haɗa su wuri ɗaya mai ƙarfin zai hana ɗayan sha har ya mutu. Gidajen namun daji ƙalilan ne a duniya ke iya riƙe kolibiri, su ma da ɗakunan gilashi da ma'aikata na musamman. Ga kuma doka: duk dangin kolibiri suna cikin jerin yarjejeniyar CITES ta kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, wadda Ghana ta sa wa hannu, ba a tsallaka iyaka da su sai da takardar izinin ƙasar da suka fito, Kosta Rika kuma dokarta ta hana kama namun daji a mai da su na gida.

Abin da ya sa nake zafi a kan wannan, mun ga yadda ta ƙare da aku a ƙasar nan. Dattawanmu sun san lokacin da aku ke wucewa garke-garke da yamma a dazukan Asante. Binciken da Nathaniel Annorbah da abokan aikinsa suka fitar a 2016 ya nuna cewa daga 1992 Ghana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na akunta, saboda kamawa don sayarwa da sare manyan itatuwan da suke sheƙa a ciki. A 2016 ɗin ne aka yanke shawarar hana cinikin akun daji tsakanin ƙasashe gaba ɗaya. Duk wanda ya saya don yana sonsa ne ya saya. Kolibiri ma sun sha irin tasu a ƙarni na 19, lokacin da ake jigilar busassun fatunsu dubbai-dubbai zuwa Landan da Faris ana ƙawata hulunan mata.

Shi mai wuyan wuta a yau ba ya cikin waɗanda ake fargabar ƙarewarsu. Yana da yawa a inda yake, kuma babban ɓangaren duwatsun an killace shi, ciki har da gandun La Amistad da Kosta Rika da Panama suka haɗa gwiwa a kansa. Barazanarsa ta gajimare ce. In duniya ta ƙara zafi gajimaren yakan ƙara hawa sama, dajin da ya saba jiƙa ya fara bushewa. A Monteverde, wani dajin gajimare a arewacin ƙasar, Alan Pounds da abokansa sun nuna a 1999 cewa kwanakin da babu laima sun ƙaru tun shekarun 1970, tsuntsayen gangare kuma sun fara haurowa. A dajin nan ne aka yi wa wani kwaɗo mai ruwan zinariya ganin ƙarshe a 1989, ko da yake akwai hannun wata cutar fata a mutuwar kwaɗin. Tsuntsun gangare in ya ji zafi zai hau. Wanda yake ƙololuwa tuni ba shi da sauran wurin hawa.

Mu ma muna da ɗan abin da ya yi kusa da irin wannan daji, ko da yake bai kai tsayinsa ba. Tsaunin Atewa da ke wajen Kyebi ya ɗan haura mita 800, hazo mai laima yana kwanciya a kansa da safe, itatuwansa da gansakuka. Daga nan kogunan Densu da Birim da Ayensu suke tasowa, Densu kuma ita ke cika madatsar Weija da yammacin Accra ke sha. Irinsa na biyu shi ne Tano Offin, nan yankin Asante wajen Nyinahin. Dukansu biyu suna zaune a kan ma'adinin da ake yin alminiyom da shi, ga galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa doka ba, tana cin gindin Atewa. Ni dai ra'ayina a fili yake: dajin da ke tatsar ruwa daga gajimare ya ba miliyoyin mutane ya fi abin da za a haƙa a ƙarƙashinsa daraja, kuma in aka kwashe saman dutsen ba mai iya dasa shi ya dawo.

In kana son tsuntsu mai ƙyalli a gidanku, kira shi za ka yi da fure. Ka bar zogalen nan ya yi fure, kada a riƙa sare kansa duka lokaci ɗaya. Ka dasa minjirya in akwai wuri, jan furenta sha-kauci ba ya wuce shi, ka ƙara da ayaba da gwanda da furannin kwalliya ja masu bututu, ko a cikin bokiti ne. Kada ka fesa maganin ƙwari a kansu, don ƙwarin su ne abincin 'ya'yansa, kuma ka bar saƙar gizo-gizon da ke jikin shinge, da ita yake ɗinka sheƙa. In za ka sa ruwan sukari, farin sukari awo ɗaya a ruwa awo huɗu, ba zuma, ba kala, kuma a zafinmu sai ka zubar ka wanke mazubin kullum, in ba haka ba ya yi tsami ya sa musu cuta. Ka ja kunnen yaran unguwa masu danƙo, musamman in sun ga jakar sheƙa a rataye. In ka samu sarari wata Asabar ka zo mu je dajin Owabi ko na Bobiri, mu isa kafin ƙarfe 7 na safe, lokacin ne suka fi fitowa. Ka sa rufaffen takalmi da riga mai duhu, madubin hangen nesa akwai wanda zan ara maka.